Asabar da Lahadi a Birnin Dabo

  

Yau a shirinmu da tambaya zan fara. A cikin masu saurarona, daga Zariya zuwa Gusau, daga Haɗeja zuwa Maraɗi da Damagaram, da wuya a sami magidancin da bai taɓa taka Kano ba. To, me ya kai ka? Wani saro ne a Kantin Kwari ko kasuwar Singa. Wani mara lafiya ya kai asibiti, wani ɗaurin aure, wani ta'aziyya, wani rakiyar alhazai filin jirgi, wani kuwa hatsi ya kai Dawanau. Ka sauka a tasha da hantsi, ka yi abin da ya kawo ka, kafin la'asar sakaliya kana cikin mota kana addu'ar Allah ya raba ka da cunkoson Na'ibawa. Shekara da shekaru kana haka, in aka tambaye ka ko ka san Kano, ka ce sani na haƙiƙa. Amma a ce maka ka taɓa hawa Dala, ko ka taɓa leƙa karofin Ƙofar Mata, sai ka yi dariya ka ce ai wannan aikin Turawa ne.

Maganar da zan yi yau ke nan. Ka ware Asabar da Lahadi, ka ɗauki abokinka guda, ku shiga birni babu saye babu sayarwa, ku je gani da cin abinci. In mata ne, ƙawa da ƙawa, da yardar gida, duk maganar ɗaya ce. Kano na ɗauka saboda ita na fi sani, kuma ita ce garin da muka fi shiga muka fi rashin gani.

Kafin ku shiga mota akwai maganar da ya kamata ku gama, ita ce maganar kuɗi. Mu Hausawa muna jin nauyin wannan zance tsakaninmu da aboki, kuma nauyin nan ne yake ɓata tafiya. Kun san yadda ake yi. An gama cin abinci, kowa ya zura hannu aljihu.

"Haba Alhaji, mayar da kuɗinka."

"A'a wallahi, mutumina, yau dai ni zan biya."

A yi ta ja-in-ja a gaban mai abinci, wanda ya fi rantsuwa ya biya. Karon farko abin sha'awa ne. In aka yi na uku, na huɗu, ɗaya ya fara lissafi a zuci, ɗaya kuma ya fara jin kunyar cewa yana jin ƙishirwa, don kada a ce ya cika sa mutum kashe kuɗi. Maganin abin mai sauƙi ne. Tun a gida ku yanke abin da kowa zai iya, ku haɗa a hannun mutum ɗaya, shi ne ma'aji: kuɗin mota, masauki, adaidaita sahu, abinci, duk daga nan. Tsaraba kuwa kowa da aljihunsa. In ɗayanku ya fi ƙarfi kuma yana so ya ɗauki nauyi, ya faɗa tun farko, a yi masa godiya sau ɗaya a wuce wurin. Ku riƙe 'yan canji a hannu, don mai ƙosai ba ta karɓar tiransifa, ko da tana karɓa ma sabis yakan ɗauke a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ku duba kalanda kuma. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana tsayar da zirga-zirga da safe har hantsi. Lokacin shekara ma yana da nasa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, rana ba ta barin mai yawon ƙafa. Da hunturu hazo yakan rufe gari, ka hau dutse ka kasa hango komai. Ni dai na fi son kaka, bayan ɗaukewar ruwa, sama ta wanku, gari bai yi ƙura ba tukuna. Hanya kuwa da rana ake bin ta, kowa ya san halin rashin tsaro da ake ciki. Ku taso Juma'a bayan an sauko daga masallaci in garinku kusa ne, ku kwana a Kano, safiyar Asabar ta same ku a shirye.

Masauki fa? Al'adarmu ita ce a sauka gidan ɗan'uwa, kuma al'ada ce mai kyau. Sai dai wanda ya sauka gidan kawunsa ba shi da iko da lokacinsa. Sai an gaisa da kowa, sai an jira kalaci, sai an kai ka ka gai da surukan gidan, kafin ka farga azahar ta yi. In kuna da hali ku kama ɗaki mai sauƙin kuɗi, ku je ku gai da kawu da yamma da 'yar ledar lemo a hannu. Zumunci bai ragu ba, shi ma an rage masa ɗawainiya.

To, an yi sallar asuba, gari ya fara haske. Ku nufi Dala.

Kada ku jira rana ta ɗaga. An yi matattakala ta siminti har sama, amma duk da haka mai tumbi zai tsaya ya huta a hanya, abokinsa kuma ya samu abin tsokana na shekara guda. Da kun kai bisa, birnin gaba ɗaya yana ƙarƙashinku. Ga Goron Dutse can, ga koriyar ƙubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa, ga duhuwar itatuwan gidan sarki, ga hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi daga lunguna. Nan ne mafarin Kano. Masu binciken kayan tarihi sun sami alamun narkar da tama a wajen dutsen nan tun kusan ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda yake shugabantar bautar Tsumburbura a nan, kafin zuwan Bagauda da ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Musulunci ya kafu a fada zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, lokacin da malaman Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali.

Daga nan saman ne kuma za ka gane girman ganuwa, ko in ce girman abin da ya rage. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a farkon ƙarni na 12, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, don in an yi wa gari ƙawanya a iya noma a ci a sha a ciki. Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824 ya ƙiyasta tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15. Yau ka bi ta wajen Ƙofar Na'isa ko Gadon Ƙaya ko Dukawuya ka gani da idonka. Wani wurin ruwan sama ya cinye ta, wani wurin an ɗebe ƙasar an yi bulo, wani wurin an yanka fuloti an kafa shaguna. Tun 2007 sunanta yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don a duba, amma takarda ba ta tare mai tifa. Ra'ayina shi ne, abin da mutanen gari ba sa zuwa kallo, ba sa jin zafin rushewarsa. Shi kansa saman Dala za ku tarar da ledoji da robobin ruwa. Kada ku ƙara naku.

In kun sauko, ku karya a gindin dutsen ko cikin unguwa. Koko da ƙosai, ko waina da miyar taushe, ko kunun gyaɗa. Ku nemi wadda layi ya fi tsawo a gabanta, mutanen unguwa ba sa yin layi a banza. Ku gaishe ta yadda ya kamata, "Ina kwana, Inna, ya kasuwa?", sannan ku faɗi na nawa kuke so.

Daga nan ku gangara Kurmi da ƙafa. Na ce da ƙafa, domin cikin birni ba a ganinsa daga cikin adaidaita sahu. A lungu ne za ka ga zaure mai ɗaurin guga, da soro mai zanko, da bangon da aka yi wa zayyana da dagi, da azara tana leƙowa daga rufin da ya haura shekara 100. Sunayen unguwannin ma tarihi ne. Sharifai tana da alaƙa da zuriyar Shehu Al-Maghili, malamin da ya zo daga arewacin Afirka ya zauna da Sarki Rumfa, har ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki. Madabo tsohuwar cibiyar malamai ce.

Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi a bakin Jakara. A nan ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas da Agadas suke sauke gishiri da takarda da turare, su ɗauki fata da tufafi. Daga nan fatake suke ɗaukar hanyar Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su komo da goro, kuma wannan fatauci yana cikin abin da ya kafa zangon Hausawa a Salaga da Kumasi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A nan ɗin kuma aka yi cinikin bayi har zuwan Turawa, kada mu ɗauki mai daɗin mu bar mai ɗacin.

Yau Kurmi ba ita ce babbar kasuwar kuɗi ba, Kwari da Sabon Gari sun sha gabanta tuntuni. Amma abin da yake Kurmi babu shi a can. Layin masu sirdi da linzami da jalala, inda mahaya suke yin sayayyar hawan salla. Layin dukawa, da warin jima da ƙamshin sabuwar fata a gauraye. Masu littattafan addini da alluna da tawada, masu huluna, masu turaren wuta, 'yan koli, masu magungunan gargajiya da tarkacen da sai ka tambaya ka san sunansa. Wani yaro zai biyo ku ya ce zai zagaya da ku. Ba laifi, lungunan suna da ruɗarwa, amma ku yi ciniki da shi tun kafin ku ɗaga ƙafa, ku kuma san cewa duk shagon da ya kai ku yana da la'adarsa a can. Waya a aljihun gaba, ba a hannu ba. Hoto kuwa sai da izini. Dattijon da yake ɗinkin sirdi sana'arsa yake yi, ba baje kolin kansa ya zo yi ba. Ka yi sallama, ka tambayi sunan abin da yake ɗinkawa, ka saurara. Sau da yawa shi da kansa zai ce ka ɗauka.

Azahar ku yi ta a babban masallaci, wanda aka sake gina shi da fasalinsa na yanzu zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kusa da shi ga Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano suke zaune a ciki tun ƙarni na 15, na Haɓe da na Fulani duka. Gida ne mai mutane a ciki, ba wurin shiga kai tsaye ba ne, ku tsaya daga filin Ƙofar Kudu ku kalla, in dogari ya ce nan ne iyaka to nan ne. A filin nan ake yin jafi ranar Hawan Daushe, kuma a ƙarshen 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Tsallaken titi ga Gidan Makama. Shi ma ginin zamanin Rumfa ne, Turawa suka mai da shi ofis bayan sun ci gari a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Yanzu gidan tarihi ne, kuɗin shigarsa bai kai na kwanon abinci ba. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan sarakuna, da na dalar gyaɗa ta zamanin su Alhassan Ɗantata. Amma ni ginin ne ya fi ɗauke mini hankali. Ka shigo daga rana mai ƙuna, ka ji sanyi ya lulluɓe ka, babu fanka babu na'urar sanyaya ɗaki. Kaurin bangon ƙasa ne yake shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi. Ka ɗaga kai ka dubi yadda aka ɗaura azara aka tayar da bakan gizo, sannan ka tuna ɗakin kwano da bulon da ka baro a gida.

Yanzu mu zo kan ciki, don na san wasu tun ɗazu shi suke jira.

A da, magidanci ya zauna a waje yana cin abinci abin magana ne. Sai a ce ko gidansa ba a ɗora tukunya ba, ko sun yi faɗa da uwargida. Matafiyi ne kawai aka yi wa uzuri. Zamani ya sassauta wannan, yanzu za ka ga mutum da matarsa da 'ya'yansa a gidan abinci ranar Lahadi, babu mai ɗaga ido. Ku kuwa matafiya ne, uzurinku biyu.

Shawarata ita ce ku raba cin naku. Da rana ku ci na gargajiya a inda 'yan kasuwa suke ci: tuwon shinkafa da miyar taushe, ko tuwon masara da miyar kuka da man shanu, ko ɗanwake da mai da yaji, ko dambu da zogale. Ka ce ai duk akwai a gida. Akwai, amma hannu ya bambanta, daddawar wani gari ba ta wani gari ba ce. Kuma ku sayi kala biyu ku ci tare, kowa ya ɗanɗani na ɗan'uwansa. Amfanin tafiya da aboki ke nan, zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Da yamma kuwa, bayan la'asar, sai gurasa. Wanda ya zo Kano bai ci gurasa ba, da sauransa. Asalinta ana danganta shi da Larabawan da suka zauna cikin birni don fatauci, kuma har yau a unguwannin da ke kewayen Jakara mata ne suke yin ta a cikin gida. Fulawa ce da yis, a kwaɓa a bari ta tashi, a manna a jikin tanderu mai zafi ta gasu. Mai bandashe zai tsoma ta a ruwa ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli, ya zuba man gyaɗa da yaji, ya yanka albasa da tumatir. In ka haɗa ta da tsire mai zafi daga tukuba, ko balangu, to magana ta ƙare. Ka ce wa mai naman ya mayar maka da shi kan wuta a gabanka, ko da ya rantse yanzu ya sauke.

Wannan ya kawo mu kan lafiya, don ciki in ya ɓaci tafiya ta ƙare. Amai da gudawa da zazzaɓin taifot ta hanyar gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, musamman da damina. Abin da aka dafa ko aka gasa a gabanka, yana tururi, shi ya fi aminci. Abin da ya fi hatsari shi ne wanda wuta ba ta taɓa ba: latas da kabejin da aka wanke da ruwan da ba ka sani ba, yankakkiyar kankana da ta wuni a buɗe, da ƙanƙarar da aka jefa cikin fura ko zoɓo. Furar ba ta da laifi, ƙanƙarar ce abin tambaya. Ka dubi ruwan da ake wanke kwanuka, in bokiti ɗaya ne tun safe, ka yi gaba. Ka wanke hannu da sabulu da ruwan da aka zuba maka daga buta, ban da kwanon da mutum goma suka tsoma hannu. Nama mai zafi kuma a takardar jarida ko ta buhun siminti, wannan ɗabi'a ce da ya kamata mu bari. Mai ciwon suga da mai hawan jini su tafi da maganinsu, kuma aboki na gari shi ne wanda zai ce, "Malam, ya isa haka," in ya ga an miƙa hannu ga alkaki na uku.

Da dare, in aljihu ya yarda, ku shiga babban gidan abinci sau ɗaya. Kano gari ne na baƙi tun fil azal, kuma tukunyarta ta nuna haka. Kwarori, wato 'yan Labanan, sun fi shekara 100 a garin, har titi guda ake kira Titin Beirut, kuma abincinsu ya zauna. Akwai na Yaman, akwai na Indiya da na Sin a wajen Nasarawa da Bompai, a Sabon Gari kuwa ga sakwara da miyar agushi, ga amala. A irin waɗannan wurare za a miƙo muku takarda mai jerin abinci da farashi. Ku karanta da kyau, abin da ba ku gane ba ku tambaya, babu kunya a ciki. Ku tambaya kuma ko farashin ya haɗa da haraji, domin manyan gidaje sukan ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun 2020, wasu har da kuɗin hidima. Yaron da ya kawo muku abinci ɗan wani ne, ku kira shi da mutunci, in kun ji daɗi ku bar masa ɗan wani abu. Sannan wani roƙo da zan yi: ku kifa wayoyinku a kan tebur. Na sha ganin abokai biyu sun biya kuɗi mai yawa, sun zauna fuska da fuska, kowa yana hira da wanda ba ya nan.

Kada ku yi dare a waje. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin tun 2013, adaidaita sahu ma an sha taƙaita zirga-zirgarsu da dare, don haka ku tambayi mai masaukinku ƙarfe nawa ya kamata a ce kun dawo. In da sauran wuri a ciki, teburin mai shayi na bakin layi ya wadatar, a can ma za ku ji labarin gari fiye da wanda muke karanta muku a nan.

Safiyar Lahadi na ajiye muku wurin da na fi so, karofin Ƙofar Mata. A jikin allon ƙofarsa an rubuta 1498. Fili ne mai ramuka birjik, kowanne bakinsa zagaye, zurfinsa ya fi tsayin mutum nesa, an shafe cikinsa da laso don kada ya tsotse ruwa. Shi lason nan ma daga marinar yake fitowa: katsin da ya kwanta a gindin rami, a haɗa da gashin jima da dafara. Ku je da sassafe, lokacin ne marina suke kan aiki.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannunku samari. Daga ina?"

Da kun faɗi garinku, hira ta buɗe. Ku roƙe shi ya tsoma ƙyalle a gabanku, ku zuba ido. Zai nutsa shi, ya juya, ya ɗago. Abin da zai fito ba shuɗi ba ne, kore-kore ne mai ɗan rawaya. Kuna tsaye, iska tana bugunsa, sai ku ga yana rikiɗa yana komawa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, shuɗin ya ƙara duhu, haka har ya kai baƙin da ake so.

Ga abin da yake faruwa. Launin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa, in ka zuba shi haka nan ba zai kama zare ba. Shi ya sa ake haɗa baba da toka da katsi a cika rami da ruwa, a bar shi kwana da kwanaki ana motsawa har ya ruɓa ya yi kumfa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, da suke rayuwa cikin ruwan tokar, su ne suke sauya launin ya koma mai narkewa, ya shiga cikin zare. Da an ɗago shi ya haɗu da iska, sai ya koma yadda yake tun asali, ya maƙale a ciki ba fita. Abin da ɗalibi yake haddacewa a ajin kimiyya, dattijon nan da hanci da ido yake gane shi, ya san ramin da ya nuna da wanda ya gaji. Daga nan sai wurin mabuga, inda ake shimfiɗa tufa a kan gungume, a yi ta dukanta da kulake har ta ɗauki ƙyalli. Irin wannan aiki ne ya yi wa garin Kura suna, rawaninta da turkuɗinta su ne adon Buzaye har cikin hamada.

Za ku lura ramuka da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari, mai arha, mai saurin kamawa. Daga baya atamfa da shadda na waje suka cika kasuwa, 'ya'yan marina da yawa suka kama wata sana'a. Waɗanda suka rage, baƙi ne suke riƙe da su. Saboda haka in kun tsaya kun sha kallo, kun ɗauki hoto, kun yi tambayoyi, kada ku juya da "Allah ya ba da sa'a" kawai. Ku sayi ko ɗankwali ne, ku yi tayi na mutunci. Sai dai a gaya wa uwargida ta wanke shi shi kaɗai a karon farko, don yakan zuba.

In da sauran lokaci, Gidan Ɗan Hausa yana Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a can a 1909. Gidan Mambayya kuma yana Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, mai son siyasa zai so ya ga ƙanƙantar ɗakin da mutumin ya rayu a ciki. Ku tambayi lokacin buɗewarsu tun ranar Asabar. Amma kada ku ce sai kun ga duka. Mai son ya zagaye Kano a wuni biyu kamar mai shan kunu da zafinsa ne, ga ƙunar baki ga rashin jin ɗanɗano. In ɗayanku ya gaji, ku zauna a inuwa ku sha fura. In ɗaya kasuwa yake so ɗaya gidan tarihi, ku rabu na awa guda ku haɗu a masallaci.

Saura tsaraba, don yara suna can suna jiran jin ƙarar ƙofa. Alkaki da dubulan da nakiya suna jure hanya. Gurasa a saye ta busasshiya, a haɗa a gida. Kilishi kuwa, unguwar Agadasawa ta yi suna a kansa. Nama ne ake fiɗe shi siriri a shanya, a tsoma cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Mai kyau za ka ji shi a bushe ƙayau, ka ɗaga shi ka hango haske ta jikinsa. In ya yi danshi ko yana warin tsohon mai, bar shi ko da an rage maka kuɗi. Ka karɓi ɗanɗano kafin a naɗe, kuma wanda ka ɗanɗana shi za a naɗe maka, ba na ƙasan tire ba.

Ku yi azahar, ma'aji ya zauna ya yi lissafi a gaban ɗan'uwansa, abin da ya rage a raba. Ku kasance a tasha kafin ƙarfe 2, ko Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa ko 'Yankaba, gwargwadon inda kuka nufa, don magariba ta same ku a gida. Ku shiga mota a cikin tasha, ban da ta bakin hanya, kome arharta.